VLAN 20 da 30 sun ƙi ƙetarawa zuwa gini na uku: ina matsalar take, a tirank ko a akses?

Ɗan Kebul:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wani tsari da ya ƙi zama, ina neman idon gwanaye. Makaranta ce mai gini uku. A ofis akwai rautar Cisco da suwic Catalyst 2960 mai kafa 24. Daga Gi0/2 ɗinsa fayiba ta tafi ɗakin kwamfuta inda wani suwic Catalyst 3560 yake. Daga 3560 kuma Cat6 ta tafi gini na uku, ga ƙaramin TP-Link TL-SG108PE mai kafa 8. VLAN uku ne, wato an raba netwok ɗin gida uku a cikin suwic: 10 na ma'aikata, 20 na ɗalibai, 30 na kyamarori. NVR, na'urar da ke naɗar hotunan kyamarori, yana ofis.

Ofis lafiya lau, ɗakin kwamfuta ma VLAN 20 yana aiki. A gini na uku kuwa kwamfuta sai ta ɗauki adireshi mai farawa da 169.254, kyamarori huɗu kuma babu wadda ta fito a NVR. Abu na ƙarshe: idan aka rubuta `switchport mode trunk` a kafar 3560 da ke kallon TP-Link don ta zama tirank, wato kafar da ke ɗaukar VLAN da yawa a waya ɗaya, sai ya ƙi karɓa.

Injiniya Gwani:
Wa alaikumus salam. Fara da na ƙarshen, shi ne mafi sauƙi. 3560 ya san harshen tirank iri biyu: ISL, tsohon na Cisco, da 802.1Q na kowa da kowa. Muddin ba ka zaɓar masa ɗaya ba, ba zai yarda ka kafe kafar a tirank ba. A kafar da ke zuwa TP-Link, a ce Gi0/2 ce:

interface gi0/2
switchport trunk encapsulation dot1q
switchport mode trunk
switchport nonegotiate
switchport trunk allowed vlan 20,30

Kar ka je nemo layi na biyun a 2960, babu shi, don 2960 bai san ISL ba sam.

Ɗan Kebul:
To Injiniya, ya aka yi tsakanin 2960 da 3560 ya yi aiki alhali ba a rubuta wannan layin a can ba?

Injiniya Gwani:
Tambaya mai kyau. DTP, hanyar da suwic na Cisco suke sasanta tirank da kansu, shi ne ya rufa maka asiri. Kafar 3560 tana zuwa daga kamfani a `dynamic auto`, ma'ana ba za ta nemi tirank ba, amma idan maƙwabci ya nema za ta amsa. 2960 da ka sa wa `mode trunk` yana aiko da saƙon DTP, sai ita ta bi. Rubuta `show interfaces trunk` a 3560, a ƙarƙashin encapsulation za ka ga `n-802.1q`, wannan harafin n ɗin shi ne shaidar cewa sasantawa aka yi, ba kafewa ba. TP-Link kuwa bai san DTP ba, babu wanda ya nemi komai, sai kafar ta zauna a akses, wato kafar VLAN ɗaya tak, cikin VLAN 1. Duk firem, wato ƙunshin saƙo, da TP-Link ya aiko da tambarin 20 ko 30 zubar da shi take yi. Haka ma idan suwic biyu na Cisco suka haɗu dukkansu a `dynamic auto`: kowa yana jiran ɗan'uwansa, babu tirank. Ka koma ka kafe wancan ɓangaren ma da hannu.

Malama Fayiba:
Kafin a tsunduma cikin umarni, bari a shimfiɗa abin da ke faruwa da firem ɗin, don wanda ya riƙe wannan ba sai ya haddace umarnin kowane kamfani ba.

Kwamfuta da kyamara da firinta ba su san VLAN ba. Firem suke aikawa tsirara, babu tambari. Suwic ne yake yanke hukunci a ƙofar shiga: wannan firem ya shigo ta kafa kaza, to ɗan VLAN kaza ne. Aikin kafar akses ke nan. Idan firem ɗin zai fita ta wata kafar akses, tsirara zai fita kamar yadda ya shigo. Idan kuma zai hau waya ɗaya da firem ɗin wasu VLAN, dole a liƙa masa abin da suwic na gaba zai gane shi da shi. Tambarin 802.1Q bayit 4 ne, ana cusa shi bayan adireshin MAC na mai aikawa: bayit 2 na farko koyaushe 0x8100 ne, sai bit 3 na fifiko, bit 1 na alamar ko za a iya yar da firem ɗin in hanya ta cunkushe, sai bit 12 na lambar VLAN. Bit 12 ya ba da 4096, an keɓe 0 da 4095, saura 1 zuwa 4094. Shi ya sa firem mai bayit 1518 yake komawa 1522 a kan tirank.

Tambaya biyu ce kawai za ka yi wa kowace kafa: firem marar tambari in ya shigo, wane VLAN za a saka shi? Firem na VLAN kaza in zai fita, da tambari ko babu? Cisco ya haɗe amsoshin biyu a umarni ɗaya. TP-Link ya raba su shafi biyu, kuma ina kyautata zaton nan aka yi tuntuɓe.

Ɗan Kebul:
A TP-Link an shiga shafin 802.1Q VLAN, an yi VLAN 30: kafa 1 zuwa 4 untagged, kafa 8 tagged. VLAN 20: kafa 5 zuwa 7 untagged, kafa 8 tagged. An danna Apply.

Malama Fayiba:
Shafin PVID fa?

Ɗan Kebul:
Ba a taɓa shi ba, duk 1 ne.

Malama Fayiba:
To ga ta nan. Abin da ka cike ya amsa tambaya ta biyu ce kaɗai, ta fita. Tambayar shiga PVID ne yake amsa ta. A yanzu kwamfutar da ke kafa 5 tana aika neman DHCP, wato roƙon a ba ta adireshi, tsirara, suwic ya duba PVID ya ga 1, ya jefa neman cikin VLAN 1, inda babu mai ba da adireshi. Kwamfutar ta jira ta gaji ta ba wa kanta 169.254. Je ka 802.1Q PVID Setting: kafa 1 zuwa 4 ka sa 30, kafa 5 zuwa 7 ka sa 20, kafa 8 ka bar ta a 1. Sannan ka cire kafa 1 zuwa 7 daga VLAN 1 in manhajar suwic ɗin ta yarda; tsofaffin manhajojin wannan jerin ba sa bari, sai an sabunta. Barin su a VLAN 1 yana nufin duk shelar da ta zagayo cikin VLAN 1 za ta riƙa fita ta kafofin.

Wannan matsalar tana da alama mai rikitarwa: hanya ɗaya tana aiki, ɗayar ba ta yi. Shelar VLAN 20 tana isowa kwamfutar, in ka buɗe Wireshark, manhajar kallon saƙonnin netwok, za ka ga ARP na wasu (cigiyar adireshin MAC) yana wucewa, amma nata saƙon bai taɓa isa ba.

Baba Rauta:
Akwai matsala ta uku da ba wanda ya ambata. Ɗan Kebul, akwai kyamara a ɗakin kwamfuta?

Ɗan Kebul:
Babu, Baba. Duk huɗun suna gini na uku.

Baba Rauta:
To ka rubuta `show vlan brief` a 3560. Ina tsammanin ba za ka ga 30 ba. Idan ka sa kafar akses cikin VLAN ɗin da babu shi, Cisco yana ƙirƙirarsa da kansa har ya sanar da kai. Haka 20 ya samu a can, saboda kwamfutocin ɗalibai. Amma `switchport trunk allowed vlan 20,30` ba ya ƙirƙirar komai, izini kawai yake bayarwa. Suwic na tsakiya da bai san VLAN 30 ba zai zubar da kowane firem mai tambarin 30, ko da wucewa kawai zai yi. Magani layi biyu ne:

vlan 30
name KYAMARORI

Sannan ka koyi karanta `show interfaces trunk`, ɓangare huɗu gare shi. Na farko yanayin kafar da VLAN ɗinta na netib, wato wanda ke hawa tirank babu tambari. Na biyu waɗanda ka ba izini. Na uku waɗanda aka ba izini kuma suna nan raye a cikin suwic ɗin. Na huɗu waɗanda STP, mai hana saƙo zagaye tsakanin suwic, ya bari su wuce. VLAN ya fito a na biyu bai fito a na uku ba, ba a ƙirƙire shi ba ne ko an kashe shi. Ya fito a na uku bai fito a na huɗu ba, STP ne ya toshe ko VTP, mai yaɗa jerin VLAN tsakanin suwic na Cisco, ya datse. Yawancin mutane na biyu suke kallo su tafi.

Oga Sisko:
Da an kunna VTP da wannan ba ta faru ba. Ka ƙirƙira a suwic ɗaya, sauran su ɗauka.

Baba Rauta:
Oga, VLAN uku da suwic biyu ba su kai a ɗauko VTP ba. Layi shida za ka rage wa kanka, ka sayi haɗari. Yawancin Cisco da ke hannun mutanenmu gwanjo ne. Ka sayo suwic, wani ya gwada shi a gida da sunan domain irin naka, lambar bitarsa ta VTP, mai ƙaruwa duk lokacin da aka canza jerin VLAN, ta fi taka girma, ka jona shi a tirank: a VTP na 1 da na 2 mai babbar lamba shi ke da gaskiya, ko da client ne. Jerin VLAN ɗinka ya tafi, duk kafar akses da VLAN ɗinta ya ɓace ta daina aiki, fitilarta ta koma ruwan goro. Ni shawarata `vtp mode transparent` a kowane suwic, a rubuta VLAN da hannu.

Kuma ga masu sayen gwanjo: `write erase` ba ya share VLAN. Suna cikin wani fayil dabam a flash. Sai ka haɗa da `delete flash:vlan.dat` sannan `reload`.

Oga Sisko:
Na yarda a ƙaramin wuri. Amma mai suwic talatin ba zai yi ta bi ɗaya-ɗaya ba. VTP na 3 ya toshe wannan ramin, suwic ɗaya tak da aka naɗa primary ne yake iya canza jerin.

Baba Rauta:
Wannan gaskiya ne. In ka kai talatin mu sake zama.

Injiniya Gwani:
Ga cikakken saitin kafar akses tunda an zo nan, a 2960 na ofis, a ce ma'aikata suna 1 zuwa 12:

interface range fa0/1 - 12
switchport mode access
switchport access vlan 10
spanning-tree portfast
spanning-tree bpduguard enable

Kar a tsallake `mode access` wai don `access vlan 10` ya isa. Ba tare da shi ba kafar tana nan a `dynamic auto`, wanda ya jona kwamfuta mai manhajar da ke kwaikwayon DTP zai mai da ita tirank ya ga kowane VLAN. `portfast` kuma saboda STP na gargajiya yana riƙe kafa daƙiƙa 15 yana saurare, daƙiƙa 15 yana koyo, jimla 30. A wannan tsakanin wasu na'urori sun gama neman DHCP sun haƙura. `bpduguard` shi ke kashe kafar idan wani ya jona suwic mai magana da STP, ko waya ta zagayo ta dawo. Kafar za ta shiga err-disabled, ba za ta tashi ba sai ka yi `shutdown` sannan `no shutdown`, ko ka kunna `errdisable recovery cause bpduguard` ta riƙa gwadawa bayan daƙiƙa 300.

Kafofin da ba a amfani da su a jefa su wani VLAN da bai zuwa ko'ina, a kashe su. A kan kowane tirank kuma `switchport trunk native vlan 999`, VLAN ɗin da babu kowa a cikinsa, kuma iri ɗaya a ɓangarorin biyu.

Hajiya Mikro:
Injiniya, a nan zan saɓa maka kaɗan. Tsakanin Cisco da Cisco, 999 daidai ne. Amma "kowane tirank" ya yi yawa. Gobe makarantar nan za ta sa AP, na'urar watsa Wi-Fi. AP na UniFi yadda yake zuwa daga kamfani, adireshin kula da shi tsirara yake nema, SSID, wato sunayen Wi-Fi da mutane ke jonawa, su ne kawai suke fita da tambari. Ka sa masa netib 999 wanda babu DHCP a ciki, AP ya kunna, ya yi ta haske, bai taɓa bayyana a kwantirola, manhajar kula da shi, ba. Kafar AP tana buƙatar netib ya zama VLAN na kula da na'urori, a ce 99, sannan 10 da 20 da tambari. Haka kafar da ke kallon TP-Link: duk abin da ya fito daga kafa 8 babu tambari cikin netib na Cisco zai faɗa, ko mene ne lambarsa a wancan gefen. In kana so ka riƙa shiga shafin ƙaramin suwic ɗin daga ofis, ka yi tunanin inda kake zuba shi, kuma ka tuna sa 99 cikin jerin izini.

Injiniya Gwani:
Hajiya, tsoron tambari biyu ne. Maharin ya liƙa tambari biyu, na waje na netib, na ciki na VLAN ɗin da yake hari. Suwic na farko ya cire na waje don netib tsirara yake hawa tirank, na biyu ya ga na ciki ya kai masa.

Hajiya Mikro:
Na sani, amma duba sharaɗinsa: sai kafar akses ta maharin tana cikin VLAN ɗin da shi ne netib na tirank ɗin. Shi ya sa VLAN 1 yake da haɗari, don shi ne netib kuma shi ne gidan duk kafar da ba a taɓa ba. Netib 99 wanda babu kafar mutane ko ɗaya a cikinsa bai cika sharaɗin ba. Kuma harin hanya ɗaya ne, amsa ba ta dawowa. Ba cewa nake a yi sakaci ba, cewa nake dokar ita ce "kar netib ya zama VLAN na mutane", ba "dole 999" ba. Wanda yake son rufe ƙofar gaba ɗaya, a suwic da ke da shi akwai `vlan dot1q tag native`, amma ya sani ya shafi duk tirank na suwic ɗin, har da kafar AP ɗin can.

Injiniya Gwani:
Na karɓi gyaran. Abin da ba zan sassauta ba shi ne daidaituwa tsakanin Cisco biyu. Netib 999 a nan, 1 a can, ka haɗe VLAN biyu ba ka sani ba. CDP, hanyar da na'urorin Cisco ke sanin maƙwabtansu, zai yi ta rubuta `NATIVE_VLAN_MISMATCH` a konsol, PVST+, STP na Cisco, kuma ya toshe VLAN ɗin da abin ya shafa a kafar.

Yaya Konsol:
Gargaɗi ga duk wanda zai ƙara 99 a tirank da ke aiki. Kafar tana da `allowed vlan 20,30`, ka rubuta `switchport trunk allowed vlan 99`. Ba ƙari ka yi ba, maye gurbi ka yi: 20 da 30 sun fita nan take. In ta SSH kake, wato daga nesa ta netwok, kuma hanyarka ta bi ta wannan kafar, ka rufe kanka a waje, sai ɗaukar wayar konsol a taka zuwa ginin. Daidai shi ne `switchport trunk allowed vlan add 99`. Kafin taɓa tirank daga nesa ka rubuta `reload in 10`. In ka datse kanka suwic zai sake tashi bayan minti 10 da tsohon saiti, in komai ya tafi daidai ka yi `reload cancel`. Kuma a fara da suwic mafi nisa a dawo baya.

Bayan an gama, `copy running-config startup-config`. Da wutar da muke da ita, saitin da ba a adana ba bai fi awa kaɗan a duniya ba. A lura da abin da ke biyo baya: VLAN ɗin suna nan saboda vlan.dat ya riga ya ajiye su, amma kafofin sun koma VLAN 1, sai mutum ya ga 10, 20, 30 a jeri ya ɗauka komai lafiya.

Ɗan Birni 24:
Tambayar ɗan koyo: a suwic na HP na ga kalmar trunk, na kunna, amma VLAN bai wuce ba.

Malama Fayiba:
Ƙanena, kalma ɗaya ce ma'ana biyu. A HP ProCurve da Aruba da suka gaje shi, trunk yana nufin ɗaure waya biyu ko fiye su zama hanya ɗaya, abin da Cisco ke kira EtherChannel. Abin da kake nema a can ta gefen VLAN ake yin sa: `vlan 20`, sai `untagged 1-12`, sai `tagged 24`. Huawei kuwa `port link-type trunk` sannan `port trunk allow-pass vlan 20 30`, kuma ka lura: Cisco yana buɗe tirank da izinin kowane VLAN, Huawei VLAN 1 kaɗai yake bari sai ka ƙara. Akses a can `port link-type access` da `port default vlan 20`. Maimakon `reload in 10`, Juniper yana da `commit confirmed`, ya mayar da tsohon saiti da kansa bayan minti 10 in ba ka tabbatar ba.

Hajiya Mikro:
MikroTik tun RouterOS 6.41 a kan bridge ake yi. `pvid` a `/interface bridge port`, jerin tagged da untagged a `/interface bridge vlan`, wato rabon gida biyu irin na TP-Link. `vlan-filtering=yes` shi ne na ƙarshe da za ka kunna, kuma ka sa bridge ɗin kansa cikin tagged na VLAN ɗin da kake shiga na'urar ta cikinsa, in ba haka ba Winbox, manhajar saita MikroTik, ya ɗauke. Danna Safe Mode tukuna.

Baba Rauta:
Ɗan Kebul, ka duba rautar ma kafin ka koma. Kafar 2960 da ke kallonta tirank ce mai izinin 10, 20, 30, a rauta kuma kowane VLAN da reshensa:

interface gi0/0.30
encapsulation dot1Q 30
ip address 192.168.30.1 255.255.255.0

Lambar bayan ɗigo ado ce, ta `encapsulation` ce mai aiki, amma a daidaita su don wanda zai gaje ka. Uwar kafar gi0/0 tana buƙatar `no shutdown`. In DHCP yana wata saba ne ba a rautar ba, kowane reshe sai an sa masa `ip helper-address`, don shelar DHCP ba ta ƙetare VLAN. Kafar NVR akses ce a VLAN 30, ba tirank ba.

Hanyar bin sawu mafi sauri: `show mac address-table vlan 30` a 3560, sannan a 2960. Inda adireshin MAC na kyamara ya daina bayyana, matsalar tana tsakanin nan da suwic na baya. Mai son gani da ido ya yi amfani da Linux, `tcpdump -e -i eth0 vlan`, don katin Windows sau da yawa yana cire tambarin kafin Wireshark ya gani, ka ɗauka babu shi alhali yana nan.

Ɗan Kebul:
Alhamdu lillahi. Dukkan ukun ne: encapsulation a 3560, VLAN 30 da babu shi a can, da PVID. Kyamarori huɗu sun fito a NVR, kwamfuta a kafa 5 ta samu 192.168.20.x. An adana. Allah Ya saka da alheri. Sai dai ga sabon abu: daga kwamfutar ɗalibi ana iya buɗe shafin kyamara. Ba raba su VLAN ya yi ba?

Injiniya Gwani:
Ya raba su a suwic, rauta ta sake haɗa su, aikinta ke nan tunda tana da reshe a kowanne. A rautar:

ip access-list extended DALIBAI
deny ip 192.168.20.0 0.0.0.255 192.168.30.0 0.0.0.255
deny ip 192.168.20.0 0.0.0.255 192.168.10.0 0.0.0.255
permit ip any any
interface gi0/0.20
ip access-group DALIBAI in

Ka bar layin permit ɗin `any any` yadda yake. In ka matse shi zuwa 192.168.20.0 kaɗai, neman DHCP na farko da ke fitowa daga 0.0.0.0 zai faɗa cikin hanin da ke ɓoye a ƙarshen jerin, 169.254 ta dawo maka da zarar an kunna sabuwar kwamfuta.